Abokin Aikina na Dapaong

A shekarun da ake ta zanga-zangar neman dimokuraɗiyya a ƙasarmu, ina cikin masu rubuta wa wata ƙungiyar manoman auduga manhajar kwamfuta. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai shugabarmu ta raba shi. Mu a Sokodé muka ɗauki ɓangaren sito da motoci, wani abokina a Dapaong, can arewa, ya ɗauki na gonaki. Ta hana kowa taɓa mahaɗar ɓangarensa da na wani sai an zauna an yarda.

Duk ƙarshen wata abokin nawa yakan iso da faifai a aljihu, mu haɗa nawa da nasa. In suka yi aiki tare lafiya, sai ya bugi tebur ya ce, "Malam, sun gaisa!" Daga nan mu wuce zango cin shinkafa da wake.

Da babban yajin aiki ya zo, hanya ta rufe, waya ta mutu. Daga baya na ji ya ƙetare iyaka da iyalinsa, aikin kuma ya tsaya. Na daɗe ina tambayar direbobin arewa labarinsa, ba wanda ya san inda ya sauka. Har yau ina kewarsa.