Ƙuri'un Bepa

Tun tana aji biyu na firamare sunan Bepa ya manne wa Vera. A ƙasar Sabiya kowane yaro rubutu biyu yake koyo, Sirilik da Latin, ita kuwa ko guda ɗaya rawa haruffansa ke yi mata a ido. Wata rana malama ta rubuta sunanta da Sirilik a allo, ta ce ta karanta. A wannan rubutun, harafin da ya yi kama da B "v" ne, mai kama da p kuma "r" ne. Vera ta zaci Latin ne, ta ce, "Bepa." Aji ya kwashe da dariya. Yarinya ta kasa karanta sunanta!

Sunan ya bi ta har kwalejin aikin gona. Kai kam akwai shi, abin da ta ji sau ɗaya ya zauna daram. Amma jarrabawar rubutu ta kayar da ita sau biyu, kuma su bakwai ne masu irin larurar, kowa na ɓoye tasa. Shi ya sa ta tsaya takarar wakilcin ɗalibai. Wakili kaɗai ke shiga taron malamai, ita kuma so take a bar su su riƙa amsawa da baki.

Abokin takararta, Strahinja, baki gare shi.

"Bepa, wa zai karanta miki takardun taro? Babarki?"

"Kai da ka iya karatun, shekara biyu kana kan kujera, me ka karanto mana?"

Ta ba shi amsa, amma abin ya sosa mata rai.

A zaɓen, da hannu ake rubuta sunan wanda ake so. Ranar ƙirga, Strahinja ya ware wani tarin ƙuri'u gefe, ya dubi Farfesa Obrad mai kula da zaɓen.

"Farfesa, waɗannan arba'in ɗin sun lalace. Bepa aka rubuta, mu kuwa ba mu da 'yar takara Bepa."

In an zubar da su, ya ci. Vera ta miƙe, ta ɗauki guda, ta ɗora yatsa ƙarƙashin haruffan. Ta daɗe tana kallo.

"Farfesa Obrad, da wane rubutu aka buga takardar zaɓen?"

"Da Sirilik, 'yata."

"To, da shi za a karanta." Ta ɗaga murya, a hankali. "Ve-ra."

Sannan ta juya ga Strahinja.

"Shekara goma sha uku ana mini dariya a kan wannan kuskuren. Yau ga shi a bakinka."

Farfesa Obrad ya gyara tabarau, ya tura tarin gabanta.