Farfesa Mai Karɓar Tofi

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Buba makwancinsa, amma har yau in na zo tofar da yawu a bakin shagona na kayan gyaran keke da ke Bolari a Gombe sai na waiga, kamar zai ɓullo da kwalba ya ce in daina ɓarna. Duniya ta san shi da Farfesa. Ni kuwa da sunan Buba na san shi, ɗan kawuna, wato taubashina, don haka ina da damar faɗin abin da ɗalibansa ba za su iya faɗi ba. Su sun yi taronsu na tunawa da shi a jami'a, an sha turanci an watse. Wannan nawa ne.

A da in an tambaye ni aikinsa, cewa nake yi likitan shanu ne, don in huta da bayani. To, ba shi ba ne. Iliminsa na ƙwayoyin gado ne, abin nan da ke cikin jini da gashi da yawu wanda ɗa ke ɗaukowa daga iyaye, da yadda yake sauyawa sannu a hankali zuriya bayan zuriya. Da shanu ya fara. Yana so ya gano ta ina farare da jajaye suka biyo suka iso ƙasar nan, da abin da ya sa wasu ke jure cuta wasu kuma na faɗuwa. Yakan ce kakanmu ma wannan ilimin ya yi duk ranar da ya tsaya cikin garke ya zaɓi bijimin da zai bari ya dandaƙe sauran, illa dai shi bai rubuta takarda ba.

Matsalar ita ce abin da yake buƙata a jikin saniya: gashin wutsiya, kuma a tsige shi da saiwarsa. Duk wanda ya tashi a ruga ya san irin mutumin da ke neman gashin wutsiyar saniyar wani. Ni na raka shi fitarsa ta farko, wata ruga can bayan Barunde, lokacin wajen duk daji ne. Ya yi wa mai shanun bayani da Fulatancinsa da ya sha boko, mutumin ya gyaɗa kai don kunya, ba don ya gane ba. Buba ya tsigi gashin. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya zaro farar takarda ya naɗe gashin, ya ninke ta gida huɗu, ya yi rubutu a kai, ya cusa a aljihu. Ko ni da na zo da shi sai da na fara zarginsa, don ban taɓa ganin laya da ta kai wannan kyau ba. Kafin mu kai ga saniya ta uku an kewaye mu da sanduna.

Gaban Arɗo, shugaban makiyayan wajen, aka kai mu. Ya tambaya ɗan wane ne, da aka faɗa masa sai ya ce mu tafi albarkacin kakanmu, Allah ya shirya. Takardun kuwa a gabanmu aka ƙone su. Muka kamo hanya a ƙafa, Buba na ta lissafin yadda zai gyara bayaninsa, bai san labari ya riga mu isa gida ba.

A gida akwai Dada, mahaifiyarsa. Buba ɗan farinta ne, kuma ita ta riƙe alkunya yadda aka koya mata: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido. “Wancan” take ce masa. Ranar ba ta ɗaga murya ba. Yana zaune a gabanta ta juyo wajena ta ce in faɗa wa wancan, makaranta aka tura shi, ba a tura shi ya dawo boka ba. Na juya na faɗa masa, har da ɗan ƙari nawa.

Da a kan shanu ya tsaya, wataƙila da ta haƙura. Sai ya koma kan mutane. Tambayarsa ita ce me ya sa wani babba zai shanye ƙwaryar madara ya kwana lafiya, wani kuma kurɓa uku ta sa shi zirga-zirga bayan gida. Ya ce mutanen da suka daɗe da shanu jikinsu ya sauya a hankali, suka riƙa gadar wa 'ya'yansu. Ni ne misalinsa na ɗaya ɓangaren. Mahaifina Bakano ne ɗan kasuwa, kuma cikinsa na gado, ban gaji na uwata ba. Shekara da shekaru Buba na ba da labarin cikina a aji, har a ƙasashen waje, ba da izinina ba. Ɗalibi ya taɓa zuwa shagona sayen taya, da ya ji sunana sai ya ce, “Baba, ashe kai ne.” Na ce ya ɗauki tayarsa ya tafi.

Don wannan bincike yawu yake buƙata, a tofa masa cikin 'yar kwalba. Kowa a garin nan ya san yadda tofi yake: kai ne za ka je wajen malam, ya karanta, ya tofa maka. Sai ga malami guda, har da digiri uku, yana bi gida gida yana roƙon a tofa masa. Daga nan sunan ya bi shi, Farfesa mai karɓar tofi, kuma ba zan ɓoye ba, a bakina aka fara jin sa. Tsofaffin mata da yawa sai sun yi addu'a kafin su tofa, don a ganinsu yaron yana cikin wani hali. Bai taɓa hana su ba. Wata ma da ta gama sai ta miƙo masa jikanta mai zazzaɓi ta ce saura nasa.

A hankali aka saba da shi. Firjin ɗakin bincikensa ya cika, aka riƙa gayyatarsa ƙasashe, ya yaye ɗalibai da yanzu su ma malamai ne. Amma mutum ɗaya ta ƙi tofawa. Kwalba guda ya ware, tana aljihun babbar rigarsa. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya je gidan Dada a Nasarawo, ya gaishe ta, ya zauna a bakin tabarma, ya ajiye kwalbar kusa da ƙwaryarta. Ita kuma ta yi ta hirar tsadar dusa da wanda ya haihu da wanda ya rasu, idonta bai taɓa sauka a kan kwalbar ba. In ya tashi ya ɗauki abarsa. Sau ɗaya ya yi mata cikakken bayani, cewa so yake ya gane ko jikinta na karɓar madara. Ta ce da ni, “Ka ce wa wancan ina sha. In tambaya ce, ga amsa.”

Na taɓa ce masa ya bar tsohuwa ta huta, yawun mutum ɗaya ba zai rage masa komai ba. Ya ce ba don bincike yake nema ba. Ranar da ta tofa, ranar ce ta yarda ba tsafi ya yi rayuwarsa yana yi ba. Dariya na yi masa a lokacin, kuma wannan dariyar tana damuna har yau.

Nakan so a ce ya leƙo ya ga Gombe ta yanzu. Wurin da aka kewaye mu da sanduna gidaje ne da shaguna, keke da acaɓa na ta karakaina. Yaran da ke zama a bakin shagona kullum cikin gardamar gwajin DNA suke, kowa ya zama farfesa a waya, ba wanda aka kai gaban Arɗo. Na ji har akwai masu aika yawunsu ƙasar waje da kansu don a faɗa musu asalinsu. Ɗalibarsa Dakta Rifkatu, wadda ta gaji ɗakin bincikensa, ta ce mini yanzu makiyaya da ƙafarsu suke kawo mata gashin wutsiya, a naɗe a takarda, an ninke gida huɗu. Na san da zai yi murna, na kuma san da sai ya tsaya gyara musu rubutun da ke kai.

Ciwon kwana kaɗan ya yi. Ba wanda ya ga hawayen Dada a zaman makoki. Da aka raba kayansa babbar rigar ta faɗo hannuna, na tarar da kwalbar a aljihu, na rasa yadda zan yi da ita, na jefa ta cikin durowar shago. Sai da aka yi shekara biyu, wata Juma'a na je gaishe ta, ta ce abin nan da wancan ke yawo da shi, yana ina.

Kashegari na koma da kwalbar, na ɗauko Rifkatu. Ta duba ta raɗa mini cewa maganin adana yawu da ke ciki ya bushe tuntuni, ba abin da za a iya karantawa daga ciki, ta zaro sabuwa daga jaka. Dada ta ce a mayar, tsohuwar ce wancan ya kawo. Ta riƙe ta da hannu biyu ta yi ta addu'a, ta daɗe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ta tofa. Rifkatu ta durƙusa ta karɓa, ta fito da alƙalami. Dada ta tambaye ta me za ta rubuta.

“Lamba muke sawa, Dada, ba ma sa suna.”

“Ni ba saniya ba ce,” in ji Dada. “Rubuta, uwar Buba.”

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Na fita waje na tsaya a bakin zaure, don taubashi ba ya kuka a gaban mutane.

Dada ta bi shi bara waccan. An ce takardunsa har yanzu ana karanta su, ɗalibansa na ɗorawa a kai, kuma na yarda, ko da yake ni ban iya karanta ko ɗaya ba. Kwalbar tana kan kanta a ofishin Rifkatu, ita kaɗai ce a duk ginin da ba ta ƙara wa ilimi komai ba. In na bi ta wajen nakan shiga in gan ta, in yi musu addu'a su biyu. Shekara ashirin ya yi yana jiran ta, kuma ni aka bari in ji amsar.