Shafin da Na Tsallake, Daga Nguru Zuwa Gashuwa

Talata: Nguru

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na ja ƙofar gida, da jaka a kafaɗa da wasiƙar Malam Kyari a aljihu. Farkon shekarun dubu biyu ne, wayar hannu ba ta iso mana ba, labari mai daɗi da marar daɗi duk a hannun direbobi yake zuwa. Wasiƙar gajeruwa ce: "Habu, wani littafinka ya jawo mini magana. Kwamitin iyaye zai zauna Laraba da hantsi, kuma a kan aikina za a zauna. In da hali ka zo."

Ni sana'ata sayar da tsofaffin littattafan Turanci a bakin kasuwar Nguru. Daga Kano nake saro su a kwali, kuma waɗanda suka fi tafiya su ne na zane, waɗanda 'yan makaranta ke kira komik: jarumai masu tashi sama da mayafi a baya, suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Kyari abokina ne tun firamare, shi ke riƙe da laburaren wata sakandare a Gashuwa, kuma ya daɗe da gano cewa yaron da ke gudun littafin Turanci zai zauna awa biyu a kan komik. Duk zangon karatu nakan aika masa talatin. Kafin in aika sai na bi su shafi shafi da baƙin alƙalamin maka, domin matan cikinsu ba sa son tufafi. In zana wa wannan siket, in tsawaita wa waccan hannun riga. Ina alfahari da wannan aikin ƙwarai, har nakan ce babu telan da ya kai ni yi wa Turawa sutura. Turancina dai a aji biyu ya tsaya, da hoto nake aiki.

A tasha na samu fijo mai ɗaukar mutum tara, ta Modu, direban da ya kawo mini wasiƙar. Naira ɗari biyu da hamsin kujera. Na sha shayi da burodi a tsaye, muka tashi shida da rabi, bayan an ɗaure buhunan gero biyu a bayanta har ta durƙusa.

Hanya

Ƙarshen damina ne, ruwa kwance hagu da dama, kwalta kuma ta cinye, Modu yana bin gefen hanya fiye da tsakiyarta. Ba mu yi nisa ba ya dube ni ta madubi.

"Malam Habu, ashe littafin maza biyu masu auren juna ka aika Gashuwa?"

Wato duk tashar Gashuwa ta san laifina kafin ni. Na rantse masa ban taɓa ganin irin wannan ba, ya ce to wani ɗalibi ya kai gida, yayansa mai karatu a jami'a ya karanta wa babansu, baban ya ɗauko littafin har ofishin shugaban makaranta.

Nan mota ta kaure da gardama. Wani mai sayar da wake a gaba ya ce Turawa da gangan suke yi, a zane suke ɓoye abin don yara su haɗiya ba su sani ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa da taga ta ce ita 'ya'yanta huɗu sun karance irin littattafan nan, abin da ta gani kawai shi ne ƙaramin ya ɗaura zaninta a wuya ya diro daga kan katanga ya karye. Modu kuwa nasa daban ne.

"Ni abin da ban gane ba," in ji shi, yana kauce wa wani rami, "mutum yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi, duk kun yarda. Sai wanda yake so ne ya dame ku? Wannan ai aljani ne, ku bar shi da danginsa."

Mai wake ya ce a'uzubillahi, mai jinya ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Kyari nake tunani, da 'ya'yansa biyar.

A shingen 'yan sanda na Jajimaji, takwas saura kwata, wani kofur da ya san ni ya leƙo ya ce ina komik ɗin yaransa. Kullum nakan miƙa masa ɗaya ba tare da na duba ba. Ran nan sai da na buɗe kowane shafi, ina ɗaga shi sama kamar mai duba jabun kuɗi, motoci uku suna hon a bayanmu. Kilomita sittin da 'yan kai ne tsakanin garuruwan biyu, amma sai tara da rabi muka shiga Gashuwa.

Katuzu

Daga tasha na hau acaɓa, naira talatin, zuwa unguwar Katuzu inda Kyari yake haya. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran keke.

"Wushe, Bahaɗeje! Ka zo kallon jana'izata?"

Gaisuwarsu ke nan ta Barebari, sunan kuwa haka yake kirana saboda kakana daga Haɗeja ya zo, kuma haka yake wasa ko da abu ya kai masa wuya. Amma ya rame. Uwargidansa Ya Falmata ta kawo mana burabusko da miyar kifi, ta gaishe ni a taƙaice, gaisuwar da ta gaya mini ra'ayinta a kaina.

Bayan la'asar ya ɗauko littafin, wanda shugaban makaranta ya ba shi ya shirya bayani. Na gane shi nan take: jarumi mai koren kaya da ya tare madatsar ruwa da bayansa don kada gari ya nutse. Ga 'yar jaridar da na yi wa siket har ƙasa, aiki mai kyau. Kyari ya buɗe shafin ƙarshe. Jarumin ne zaune a kan rufin bene da wani likita, rana tana faɗuwa, hannunsu a cikin na juna.

"To ina laifin?" na ce. "Abokai ne."

"Karanta abin da ke saman kansu."

Ya fassara mini. Jarumin ne ke cewa ya gaji da ɓoyewa, shi wannan likitan yake so, da shi yake son ya tsufa. Kyari ya ce a ƙasarsu namiji baligi ba ya riƙe hannun namiji haka kawai, duk wanda ya ga hoton a can ya gama fahimta tun kafin ya karanta. Na tuna sarai na tsaya a kan wannan shafin a rumfata, har na ce a raina, Allah sarki, ashe su ma sun san amana.

"Kai me ya sa ba ka karanta ba?" na tambaye shi.

"Saboda na yarda da telana."

Na tambaye shi ra'ayinsa tsakani da Allah. Ya ce abin da addini ya faɗa a kan aikin, ya faɗa, shi ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Amma yara arba'in sun karanta littafin nan, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, madatsar ruwan kawai suka riƙe. Kuma masu irin wannan hali ba Bature ne ya zana mana su ba, suna cikin garuruwanmu tun kafin a haife mu, muna gaisawa da su a kasuwa. A ɗakin baƙinsa na kwana, sauron fadama ya yi mini nasa hukuncin tun kafin na kwamiti.

Laraba: Gashuwa

Ƙarfe goma aka zauna a wani aji, mutum bakwai da shugaban makaranta. Mai ƙara, Alhaji Ɗanjuma, ɗan kasuwar hatsi, ya shigo riƙe da hannun amininsa, wani ɗan kwamitin, suna ƙarasa hirar farashin gero. Ya yi magana mai tsawo, kuma ba zan ce duk shirme ba ce. Ya ce ya ba makaranta amanar ɗansa, jarumi kuma shi ne wanda yaro ke son ya zama, saboda haka abin da aka ɗora wa jarumi ba ƙaramin abu ba ne. Ya nemi a rubuta wa ma'aikatar ilimi a sallami Kyari. Kawuna da yawa suka gyaɗa.

Aka ba ni dama. Na miƙe na ce ni ne mai tacewa, ni na tsallake shafin, Malam Kyari bai taɓa ganinsa ba. Na zaga da littafin ina nuna musu siket ɗin da na zana, don su san ba sakaci ne halina ba. Alhaji ya ce to yaya aka yi na ga maza biyu hannu cikin hannu ban yi zargin komai ba?

"Ranka ya daɗe," na ce, "yadda na gan ka ka shigo riƙe da hannun amininka yanzu ban yi zargin komai ba."

Wallahi ban faɗa don in ba da dariya ba, iyakar gaskiyata ke nan. Amma ajin ya fashe. Aminin ya janye kujerarsa gefe, abin ya ƙara tunzura mutane, shugaban makaranta ya rufe fuska da fayil. Alhaji kansa sai da ya murmusa, sannan ya ɗaure fuska ya ce dariya ba ta wanke laifi, a kaɗa ƙuri'a. Aka samu uku da uku.

Saura mutum ɗaya, wani dattijo masunci daga ƙauyen Dagona da ake kira Baba Sale, wanda jikarsa ke makarantar. Ya nemi littafin, ya daɗe yana kallon shafin, ya mayar.

"Ni ban iya karatu ba," in ji shi. "Ku cire littafin in kun ga dama. Amma korar mutum, na taɓa yi, minti ɗaya ta ɗauke ni. Ban ga abin da ta gyara ba. Malam ya zauna a aikinsa."

Haka aka tashi. Littafin ya shiga durowar shugaban makaranta, aka kuma ce daga yau malamin Turanci zai karanta duk abin da na aiko. Kyari ya fita bayan aji ya daɗe, da ya dawo idonsa ja, ya ce wai hayaƙin kicin ne. Ya Falmata ta aiko mini da soyayyen kifi cike da kwano, na fahimci an yafe mini.

Komawa

Ƙarfe biyu da rabi ina zaune a motar Nguru, muna jiran mutum ɗaya, sai ga Baba Sale da ƙunshin banda a takardar siminti. Ya tambaya ko gaskiya ne ina zuwa Kano saro kaya. Na ce duk wata. Ya rage murya. Yana da ɗa, Isa, yana sayar da abinci a wata tasha a can, cikin 'yan daudu. Shekara shida ke nan da ya ce masa kada ya sake taka Dagona. Ya kwatanta mini rumfar dalla-dalla, har da launin ƙofarta, kwatancen mutumin da ya daɗe yana tambayar matafiya.

"Ka ba shi wannan. Ka ce uwarsa ce ta aiko."

Na karɓa. Fasinjan ƙarshe ya shigo, direba ya tayar da mota, mun fara mirginawa sai na ji ana buga gilashi. Baba ne yake bin mu da sassarfa, yana riƙe da hularsa.

"Ɗana, ka ce ni ne."

Mun sha faci sau ɗaya bayan Jajimaji, muka shiga Nguru biyar da rabi, na iske iyali lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Modu da bakinsa, da Ya Falmata da kifinta, da Kyari da har yau bai daina kirana tela ba, ya kuma yi ritaya a wannan laburaren da mutuncinsa. Saƙon Baba Sale na kai shi Litinin ɗin da ta biyo. Na samu Isa yana kwashe shinkafa, na miƙa masa ƙunshin na ce babansa ne ya aiko. Ya ajiye ludayin, ya goge hannu a zani, ya ce in sake faɗa. Sai da na faɗa sau uku.