Ƙarar da ke cikin akwatin

Shagon hotona yana Ƙofar Kaura, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ta girmi ɗiyata ta fari. Tsohuwa ce mai taurin kai irin nawa, shi ya sa muka daɗe tare. A daminar da nake ba da labari ta fara wata ƙara in an kunna ta, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa ƙofa da farce.

Mai gyara, abokina tun makarantar allo, ya kara kunnensa a jikin akwatin kwamfutar, sai na ga ya daina murmushi.

"Mutumina, faifan ajiya ne ke mutuwa," in ji shi. "Ko in canza mata kayan ciki, ko mu haɗa sabuwa, zaɓi naka. Amma ko wanne ne, sai na kwashe hotunan tukuna. Bari in tahi Kano in sawo sabon faifai. Kahin in dawo kada ka kunna ta. Kowace kunnawa na iya zama ta ƙarshe."

Na ce a haɗa sabuwa, na huta. Abin da ban faɗa masa ba shi ne zancen matar Alhamis.

Mijinta ɗan acaba ne da ya baro ƙauye. Ya taɓa zuwa na ɗauke shi hoton katin ƙungiya, yana ta gyara hula. Bayan nan aka tare shi a hanyar garinsu, aka shiga daji da shi. Katin yana aljihunsa. Ba shi da wani hoto a duniya sai wanda ke cikin akwatina.

Duk Alhamis takan zo da goyo, mu gaisa, ta zauna a benci, in buɗe mata fuskarsa a allon kwamfutar. Na sha cewa in fitar mata da shi a kati, kyauta. Sai ta girgiza kai.

"A'a Malam. A garinmu wanda ya rasu ake ratayewa a bango. Shi yana nan tahe."

Da na ji haka ban sake matsa mata ba.

Mai gyara ya tafi, kayan suka yi jinkiri. Na lulluɓe kwamfutar da zane, na cire wayarta daga bango don kada hannuna ya yi gangancin da ya saba. Ina ta tsara yadda zan ba matar haƙuri in Alhamis ta yi.

Ranar Talata matar ta zo, ba Alhamis ba. Tun daga nan na san ba lafiya ba. Hadari ya haɗu, ga ta ba goyo, da wata dattijuwa riƙe da hannunta. Gaisuwar ma a taƙaice.

"Malam," ta ce, "a hitar mani da shi. Babba. Gobe za mu koma gida."

Na yi mata ta'aziyya. Na buɗe baki in ce ta jira mako guda, na dubi idonta, na kasa. Na yaye zanen, na mayar da waya, na yi bisimilla na danna.

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Sai ƙarar ta tsaya, abin da na yi watanni ina fata. Allon ya tsaya baƙi.

Ta gyara zama a bencin, ta matso kusa kamar kullum.

"Yau ya daɗe bai hito ba," ta ce.