Wayar da Ba a Karɓa a Ƙofar Sinima Ba

Wata rana, ana saura mako guda ƙaramar Sallah, 'yan'uwan wani bawan Allah mai suna Badamasi suka zaunar da shi a kan sinimar da mahaifinsu ya rasu ya bar musu.

Magana ɗaya suka zo da ita: a sayar.

Kuma ba za ka ce sun yi sharri ba. Man janareto ya yi tashin gwauron zabi. Magidancin da yake fama da kwanon masara, wa zai ce masa ya sayi tikiti? Mai halin ma ya gwammace ya miƙe ƙafa a falonsa ya kalla a waya. Zauren da a da ake turereniya a ƙofarsa, yanzu in layi biyu suka cika sai a yi hamdala.

Amma Badamasi a sinimar nan ya buɗi ido. Ba shi da wata sana'a bayanta. Ya roƙe su har da ƙwalla su bar masa wannan Sallar kaɗai. In bai tayar da gidan ba, shi da ƙafarsa zai nemo mai saye.

Suka ce sun ji.

Abin da ya dogara da shi kuwa, wani furodusa ne ya ba shi amanar sabon fim, fil, wanda ba a taɓa gani a ko'ina ba. Zai haska shi kwanakin Sallah kafin a sake shi a intanet.

Sharaɗin guda ne: kada waya ta shiga zaure.

Ranar Sallah bayan la'asar Badamasi ya tsaya a ƙofa da kansa, fuska a murtuke. Duk wanda ya zo sai ya ajiye waya, a ba shi ɗan kati. Maza ya lalube su har cikin hula. Mata ya sa ƙanwarsa ta duba jakunkunansu. Wani mutum ya tsaya gardama, nan take ya mayar masa da kuɗinsa ya nuna masa hanya.

Sai ga Yaya Tasi'u.

Wan matarsa Rakiya ne, kuma shi ne waliyyin da ya ba shi aurenta. Ya sha babbar riga, tana ta ƙamshin turare.

To ku faɗa mini tsakani da Allah, wane ne a cikinmu zai zura hannu a aljihun surukinsa?

Badamasi ya rusuna ya gaishe shi. Ba tikiti, ba bincike. Ya raka shi har kujerar tsakiya, inda allo ya fi fitowa tas. Fim na farawa ya ruga ya kawo masa lemo mai sanyi.

Ranar zaure ya cika maƙil, har da na zaune a matakala. Badamasi ya shige ɗakin na'ura ya yi kukan daɗi shi kaɗai.

Washegari, rabin zaure.

Rana ta uku, kujeru yake haska wa fim.

Ya koma gida da rana tsaka, kansa kamar zai tsage. Tun daga soro ya jiyo kiɗan da ya sani. Yana ɗaga labule ya tarar da matan maƙwabta sun cika masa falo, ana cin cincin, ana kallon fim ɗin nan a talabijin ɗinsa. Wata ce ta zo da shi a waya. Wai ai ya cika gari, masu tura finafinai a kasuwa har layi ake yi musu.

Hoton yana rawa, an ɗauka daga tsakiyar zaure. Badamasi ya tsaya ƙiƙam yana tunanin wane ɗan iska ne ya sulale masa.

Sai ya ji muryarsa. Tasa ta kansa, a cikin talabijin:

"Yaya, ga lemo, a sha da sanyinsa."

Rakiya ta dafe ƙirji. Shi ko takalmi bai tsaya gyarawa ba.

Ya sami Tasi'u a kishingiɗe yana sakace.

"Yaya, me na yi maka?"

"Kai, Badamasi! A kan fim za ka shigo mini gida kana huci? Iyalina na ɗaukar wa. A tsadar nan kake so in kwashi gida guda in kai sinima? Guruf ɗin dangi kawai na tura."

"Da ka faɗa mini, wallahi da na shigar da su duka kyauta."

"Su fita cikin ranar nan, alhali ga fanka a gida?"

Kun ji fa. Ko a jikinsa.

 Kunyar da ta hana Badamasi laluben aljihun mutumin nan, ita ce dai ta sake ƙulle masa harshe. Ya juya ya fita, idonsa jajir.

Furodusa ya kira ya wanke shi tas, ya kuma sanar da 'yan'uwansa masu sana'a. Daga ranar ba wanda ya sake yarda ya ba Badamasi fim.

'Yan'uwan Badamasi kuwa ba su tsawaita magana ba. Tuna masa alkawarinsa kawai suka yi. Shi da ƙafarsa ya nemo ɗan kasuwar da ya mayar da gidan sito na takin zamani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe.

Ranar da ake kwance kujeru, Badamasi na tsaye yana kallon ana lodi, wayarsa ta yi ƙara. Tasi'u ne.

Ba jaje ya kira yi ba. Ba haƙuri ya kira bayarwa ba.

Cewa ya yi a ware masa kujeru masu ɗan kyau a aika masa gida, na falonsa sun fara cin baya in ya daɗe yana kallo.

Darasi: Dokar da ka kafa don tsare abincinka, in ka ɗage ta saboda kunyar wani, to shi wanin zai fara cutar ka, kuma ba zai ji kunyarka ba. Baƙon da ka lalube har hula bai yi maka komai ba. Girmama suruki daban, miƙa masa amanar mutane daban. Ku kuma masu ɗaukar gumin mutane a waya kuna cewa "dangi kawai na tura wa", ku ji tsoron Allah, sata sunanta.

Kada ku karanta ku wuce. Ku jefa shi a guruf ɗin danginku, Tasi'un gidanku ya karanta da idonsa.