Juma'ar da Sojoji Za Su Zo Nima

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci a Maamobi, maƙwabciyar unguwarmu Nima. Bayan la'asar muke zama, a wata makarantar Islamiyya, kan bencin yara, gwiwoyinmu na neman taɓa haɓa. Malamarmu, wadda muke kira Madam, ta kafa mana doka guda: kullum a kwafi shafi ɗaya da hannu, ko daga ina ne. Ni kafinta ne, babu littafi a ɗakina. Waya nake da ita, kuma wayar mutumin Nima ba ta rasa rubutu. Duk saƙon da aka turo guruf ɗin unguwa sai in zauna in kwafe shi, harafi bayan harafi. Na kwafi maganin hawan jini. Na kwafi labarin ɗan siyasar da ya mutu a asibitin waje, wanda bayan sati biyu ya zo ya buɗe mana famfo. Ban damu da ma'ana ba a lokacin, hannuna nake horarwa. Shekara biyar ina haka, littattafan suka taru a akwatin kayan aikina.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Wata Talata ina zaune a majalisarmu muna shan ataya, shayin nan mai kauri, wani tela abokina ya miƙo mini wayarsa.

"Ticha, karanta mana. Turanci ne, mu ga amfanin bencin yaran nan."

Na karɓa. Saƙon ya ce daga bakin wani babban hafsan soja ne da bai so a faɗi sunansa. Wai Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, sojoji za su bi zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, gida-gida. Duk wanda ba a haifi kakansa a ƙasar nan ba za a karɓe katinsa na ɗan ƙasa, a sa shi a babbar mota zuwa kan iyaka. A tura wa mutum goma kafin a goge.

Na karanta tun daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, na kuma fassara musu da Hausa. Tsoro ya kama majalisa. Ni kuwa ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Ranar nan ce na fara karatu a gaban mutane ba yatsa a kan layi. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, da ƙarin cewa wanda ya je makaranta ne ya karanta da bakinsa.

Haka ya isa kunnen Goggo, ƙanwar mahaifina, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kusa da tashar trotro, motocinmu na haya. Tana yarinya aka yi korar baƙi, ta ga maƙwabta a bayan mota riƙe da turminsu. Ba a yi mata wasa da maganar mota. Washegari ta sami mai gidan da take haya ta ce ran Alhamis za ta ba shi makulli, za ta koma wajen 'yarta a arewa. Ɗakin nan shekara arba'in tana cikinsa, a ciki uwarta ta rasu. Mai gidan kuwa ya daɗe yana son fasa bangon ya yi shago. A Nima, ɗakin da ka saki ko a mafarki ba ka ƙara kwana a cikinsa.

Ran Laraba ina feƙe katako, abin ya dame ni ta wata fuska. Ni da har yau nake tsayawa a gaban allon asibiti ina haɗa baƙi, yaya aka yi na zuba Turanci haka kamar ruwa? Na ajiye aiki na buɗe akwati. A littafi na biyu na same shi, da rubutuna na lokacin, manya-manya kamar sawun agwagwa. Kalma ɗaya ba ta canza ba. Hafsan nan ne, har yanzu bai so a faɗi sunansa, Juma'ar ma mai zuwa ce. Lokacin rajistar zaɓe na kwafe shi. A littafi na huɗu na sake samunsa, lokacin ƙidaya. Ƙarƙashin kowanne Madam ta sa jan biro ta yaba mini.

Na kwashi littattafan na tafi wajen Goggo. Na tarar tana ɗaure tukwane cikin zani.

"Goggo, saƙon nan tsoho ne. Ga shi, sau biyu na rubuta shi a baya, ba wanda ya zo."

Ta dubi shafin a juye, ta mayar mini.

"To ai ka faɗa da kanka. Sau biyu suna ɗagawa, na ukun za su fasa ne?"

"Babu sunan kowa a ciki, babu kwanan wata."

"Kai da wa ka taɓa ganin soja ya ba da kwanan wata? Jiya kai ka karanta za su zo, yau kai ka karanta ba za su zo ba. Wanne daga cikin karatun naka zan bi, ɗan nan?"

Na rufe littafin. Sai na roƙe ta abu ɗaya, ta riƙe makullin zuwa Asabar. Ta ja bakin zanin ta ƙulle.

"Da sharaɗi. Juma'a ka zauna a gaban teburina da littattafan nan naka. In sun zo, kai za ka fara karanta musu."

Aka sauko daga masallaci na ɗauki kujera na zauna. Rabin shagunan layin a rufe, tela abokina ma ya tafi unguwar Alajo gaishe da surukin da bai taɓa so ba. Goggo ta kasa abinci, jakarta na ƙarƙashin tebur.

Wajen ƙarfe uku sojoji suka zo. Su biyu ne, a kan babur ɗaya. Suka tsaya daidai gabanmu, na ji littattafan sun yi nauyi a cinyata. Na bayan ya sauko ya cire hula.

"Hajiya, yau ba layi? A sa mana taliya da ƙwai, yaji kaɗan, ciki ba lafiya."

Ashe masu sayen abincinta ne na duk sati. Ta zuba musu, ta ƙara musu ganda ba su tambaya ba.

Makulli bai bar hannunta ba, tana ɗakin har yau. Amma in ka tambaye ta, ba littafina ya tsare ta ba. Saukar Alƙur'anin da ta sa aka yi ce ta mayar da runduna guda ta koma mutum biyu masu jin yunwa. Ban taɓa musa mata ba.

Ran Lahadi saƙon ya dawo guruf, an ƙara masa layi ɗaya a sama, wai an ɗaga zuwa Juma'a mai zuwa. Ba ni da abin kwafa ranar, sai na kwafe shi. A ƙasa na sa kwanan wata, na kuma rubuta abin da sojojin suka ci.