Dattin da Na Bari a Bakin Kwata

Layin shagunanmu a Ƙofar Na'isa gangare ne. Na Babana yana can sama, yana sayar da shadda da atamfa. Na ƙarshe a ƙasa na wani dattijo ne, abokin Baba tun ƙuruciya, kowa Malam yake ce masa. Shi ba ya sayar da komai sai rubutun hannunsa. Yana zaune a kan buzu da alƙalamin kara da tawada, yana rubuta Alƙur'ani takarda bayan takarda. Daɓen shagonsa ya fi titi ƙasa, sai ka sauka taki biyu kafin ka shiga.

Saboda wannan shagon Baba ba ya wasa da shirin damina. Da zarar zafin bazara ya tsananta, an fara ganin hadari a gabas, sai ya tara masu shaguna bayan la'asar a sa ranar yasar kwata. Daga ƙasa ake farawa a yo sama. Abin da aka fitar kuwa ba ya kwana, a ranar ake lodawa a baro a kai juji. A jera buhunan yashi a ƙofar Malam. Mukullin Malam na biyu yana hannun Baba, don idan hadari ya taso ba ya nan, takardunsa ake fara ɗagawa sama kafin kowa ya taɓa nasa kayan. Ni dai a lokacin gani nake tsananin tsofaffi ne kawai.

Shekarar da ciwon gwiwa ya kwantar da Baba, ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini mukullin. Na riga na yi aure, ina aikin ofis a wajen Kabuga.

"Ka tsaya a kan aikin nan da ƙafarka," ya ce. "Malam a wuyanka yake."

Ranar Asabar na kawo leburori, suka yashe kwatar tas, har ana ganin siminti. Baƙin taɓo da ledoji da robobi suka taru tsibi-tsibi a gefen hanya. Mai baro ya duba ya ce jiƙaƙƙen datti nauyi gare shi, a bari ya sha iska zuwa Talata. Haka ake yi a ko'ina cikin gari, kuma na gaji, wari ya ishe ni. Na yarda.

Da na koma gida Baba ya tambaye ni, "An kwashe?"

"Sai ya bushe, Baba. Talata in sha Allahu."

Ya dube ni. "Ruwan ya ce maka zai jira Talata?"

Har raina ya ɗan ɓaci. Na yini a rana, ko sannu ban samu ba.

Litinin bayan azahar gari ya yi baƙi ƙirin. Ina ofis, mukullin Malam yana haɗe da na babur ɗina a aljihu. Malam kuma ya tafi jana'iza Dukawuya, ya kulle shago. Ruwan farko ne, ya zo da ƙarfinsa. Ya kwashi tsibin dattin nan gaba ɗaya ya mayar cikin kwata, ya tura shi ƙasa, ya toshe daidai bakin shagon Malam. Maƙwabta suka tsaya a ƙofar suna ta kiran wayata. Ba wanda ya yi ƙarfin halin ɓalle ƙofar dattijo. Kafin in iso, ruwa ya haure buhunan yashi.

Da na buɗe, takardu ne ke yawo a kan baƙin ruwa. Shekara uku Malam yana wannan rubutun. Idonsa ya fara rauni, ya sha faɗa wa Baba cewa shi ne na ƙarshe da zai rubuta.

Yana isowa ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ya yi salati, ya tattare wandonsa ya shiga.

"Ɗana," ya ce, "samo mini ruwa mai tsabta. Sunan Allah ne a cikin ƙazanta."

Muka tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaurayewa a cikin roba, sauran tawadar tana bin ruwan. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya miƙo mini wata takarda ya ce in riƙe da hannu biyu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba.

Malam bai sake ɗaukar alƙalami ba. Ya ci gaba da zuwa shagon yana zama da carbi, har Allah Ya karɓi abinSa. Yanzu ni ke tara mutane duk bazara, kuma ba a sa shebur a kwata sai baro ya iso ya tsaya. Matasan layin suna cewa na cika tsanani.

A ranar da abin ya faru, labari ya riga ni zuwa gida. Na durƙusa a gaban Baba na ajiye mukullin kusa da ƙafarsa. Bai dubi mukullin ba, bai kuma yi mini faɗa ba.

"Izu nawa ya rage wa Malam ya kammala?" ya tambaya.

"Huɗu, Baba."

Sai ya juya fuskarsa bango.